Neman Suruka a Sahun Baya

Likitar unguwarmu ta yi shekaru tana ce mini in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ni kuma ina ce mata "to", in koma gida in soya abin da zan soya. Saboda haka ranar da na shiga ajin rawar Latin, bayan na haura hamsin da nisa, ba maganarta ce ta kai ni ba.

Sunana Sanobar. Na koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Chilonzor, nan cikin Tashkent, har na yi ritaya. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakunansu. Saura namijin, Behruz. Ya wuce talatin, yana aiki a kamfanin gine-gine, yana da mota, ba ya sha, gashin kansa ma bai fara gudu ba, amma da an ɗauko maganar aure sai ya tuna akwai wayar da zai amsa a waje. A kowane biki, kafin in kai lomar shinkafar palov bakina, sai wata ta leƙo ta bayan butar shayi ta ce, "Sanobar-opa, yaushe za mu ci shinkafar Behruz?" In yi murmushi in ce, "Tana kan wuta." Shinkafar nan ta daɗe a kan wuta har ni kaina na fara jin ƙauri.

Mijina Tolib bai damu ba. Tun da ya bar aikin gyaran motocin bas ya mai da barandarmu gidan salwa, kowace a cikin ƙoƙonta da aka lulluɓe da ƙyalle, yana zaune yana jiran su yi masa kuka.

"Maman Behruz, ki ƙyale yaron nan," in ji shi. "Ni ma ban yi aure da wuri ba."

"Kai ai rasa mai so ka yi."

"To, ga shi daga baya an samu wadda ta faɗa."

Ƙanwar Tolib, Mavluda, ce ta zo da labari wata ranar kaka, ko mayafinta ba ta cire ba. Akwai yarinya, in ji ta, sunanta Munisa, tana aiki a kantin magani, ubanta likitan ido ne, uwarta mutuniyar kirki. Doguwa, mai natsuwa, da ɗan tabo baƙi a gefen haɓa. Amma kada mu je gidansu kai tsaye, don sun mai da masu nema da yawa da shayi da kalmomi masu daɗi. Gara in fara ganinta da idona.

"A ina zan gan ta? In je in sayi maganin tari?"

"A kanti ai kowa mai ladabi ce. Tana zuwa ajin rawa Talata da Alhamis, na mata zalla. A can ake ganin mutum yadda yake."

Wurin yana saman wani kantin kujeru, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na sa rigata ta karan-miski mai ruwan inabi, wadda nake zuwa gaida surukai da ita, da takalmi mai ɗan tsini, na rataya jaka. Shirina mai sauƙi ne. Zan zauna a benci kamar mai jiran wata, in ƙare wa yarinya kallo, in ga yadda take gaida manya da ko tana da yawan surutu, in tashi in kama gabana.

A bakin ƙofa na ci karo da malamar, Zoya, 'yar Koriyawan garin nan, gajeriya, gashi a yanke kamar na namiji, damatsa kamar igiyar da aka murɗa.

"Opa, sabuwa ce?" in ji ta. Opa, wato yaya, haka ake kiran macen da ta girme ka a nan.

"A'a, kallo kawai zan yi."

"Nan ba gidan silima ba ne. Matan nan ba su tuɓe mayafi don a zo a kalle su ba. Wadda ta shigo sai ta yi gumi."

"Ai ban zo da kaya ba."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta buɗe wani kwali ta ciro wando mai ɗamewa, ruwan hoda, da wata ta manta, da takalmin kambas da ya fi ƙafata. Na ji kiɗa ya fara daga ciki. Na tuna Behruz. Na karɓi wandon.

Bango guda na ɗakin madubi ne daga sama har ƙasa. Ni da madubi mun daɗe muna zaman lafiya, don daga wuya zuwa sama kawai muke haɗuwa. Ranar nan aka gabatar mini da sauran. Na ga wata mata a sahun baya, sama karan-miski, ƙasa ruwan hoda, kamar an cusa matashin kai a cikin safa. Sai da ta gyara gilashinta na yarda ni ce.

Ba wai ban iya rawa ba ne. A biki in aka ja ni tsakar fili, nakan ɗaga hannuwa, in juya wuyan hannu, in ɗan karkata kai, ƙafafu suna tafiya a hankali kamar ba su san abin da ake yi a sama ba. Rawar mutunci. Wannan kuwa daga ƙasa take farawa. Ganguna da ƙahonni suka cika ɗakin, wani mutum yana ihu a lasifika kamar an kama masa ɓarawo, Zoya tana ƙirga da Sifaniyanci, wanda na tabbata ita ma iyakar abin da ta sani ke nan. Ta ce salsa, kowa ya yi gaba da baya. Ta ce merenge, kowa ya hau taka ƙasa kamar ana kashe kiyashi. In suka yi dama, ni na yi hagu. In na gano na koma dama, sun riga sun juya suna fuskantata, mata wajen ashirin, duk suna tahowa kaina.

"Opa mai karan-miski! Ƙugu! Ina ƙugunki?"

Ƙuguna yana nan inda na bar shi tun haihuwar Behruz, bai kuma ga dalilin tashi ba.

Munisa tana sahun gaba, a daman Zoya. Daga inda nake ba na ganin komai sai ƙeyarta da jelar gashinta tana lilo. Ko tabon haɓar ban gani ba. Zuwa tsakiyar darasi ma na daina nemanta, numfashina nake nema.

"Kada ki mutu a nan," wata murya ta ce a gefena. "Matakalar nan ba ta da faɗi, za su sha wuyar sauko da ke."

Na waiwaya. Mata ce sa'ata, ta fi ni jiki, haƙoran zinariya a gaba, fuska jajir, ta dafe gwiwoyi tana haki. Gulchehra ke nan, mai sayar da labule a kasuwa. Ta riga ni shiga da mako guda, don haka tana ganin kanta tsohuwar hannu.

Bayan an tashi muka sauka tare muna riƙe da ƙarfen matakala, muka faɗa ɗakin shayin da ke tsallaken titi. Ta ce ciwon suga ne ya kawo ta. Na ce ni hawan jini. Muka tausaya wa juna, muka sa aka kawo mana somsa, wato gasasshiyar samosa, guda huɗu, don mu mai da abin da muka rasa.

Da niyyar zuwa ɗaya na je, amma tun da ƙeya kawai na gani, dole na koma. Na sayi wando baƙi mai yalwa da takalmi daidai ƙafata. Na ce wa Tolib likita ce ta matsa. Ranar Laraba da safe sai da ya kama hannuna na sauko daga gado, cinyoyina kamar an yi musu dukan sakwara.

A hankali na fara ganin yarinyar da kyau, a ɗakin canja kaya. Mavluda ba ta yi ƙarya ba. Takan sa hannu a ƙirji ta gaishe mu da hola, wato inna, ta ce, "Hola, yaya ƙafafu yau?" Ita ta nuna mini yadda zan jingina da bango in miƙe sharaɓa don kada ta ɗaure mini da dare. Ba ta barin tawul a ƙasa. In ta yi dariya ba a jinta a titi. A wurin shayi nakan ce wa Gulchehra, "Yarinyar nan ta sahun gaba tana da tarbiyya." Ita kuma ta ce, "Ƙwarai kuwa. Kin ga yadda take naɗe kayanta?" Ina jin daɗi na samu wadda idonta ya yi daidai da nawa. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa mai sayar da labule take lura da naɗin kayan 'yar mutane ba.

Wata Alhamis na ga lokaci ya yi da za a ɗan matsa gaba. Na nemo hoton Behruz na bikin ƙanwarsa, yana cikin kwat, ya yi kyau kamar mai karanta labarai. Da Munisa ta zo ta zauna kusa da mu tana ɗaure takalmi, sai na ciro waya kamar zan duba lokaci, na ajiye ta a benci, fuska sama, hoton yana haske. Ban ɗauke hannuna ba sai ga wata wayar ta sauka kusa da tawa. A kanta wani saurayi ne mai gashin baki, ya jingina da farar mota.

Na dubi wayar. Gulchehra ta dubi tawa. Muka ɗago muka dubi juna.

"Sai Talata, hola," in ji Munisa. Ta rataya jakarta ta fita, ko kallon bencin ba ta yi ba.

"Wane ne wannan?" Gulchehra ta ce.

"Ɗana. Wannan fa?"

"Ɗana Doniyor."

"Kin ce mini suga ne ya kawo ki."

"Ke ma ai hawan jini kika ce."

"Ina da shi!"

"Ni ma ina da shi! In kawo miki takardar asibiti?"

"Na zauna ina yaba miki yarinya, ashe cikinki kike cikawa."

"Wa ya riga wani shigowa ajin nan? Ki tambayi Zoya. Kuma ɗanki wannan, kwat ɗin nasa ne ko aro?"

"Motar da naki ya jingina da ita fa, mai ita ya sani?"

Ranar ba a sha shayi ba. Talatar da ta biyo baya ta tsaya a ƙarshen sahu ta hagu, ni a ƙarshe ta dama, muna harare-harare ta cikin madubi.

Da abinci muka fara. Na yi somsa mai kabewa na kai wa Munisa a cikin tawul mai tsabta, wai na yi da yawa ne. Zama na gaba Gulchehra ta zo da manti, turararren ƙullu mai nama a ciki, a cikin kula, tururi yana fita. Na zo da gurasa mai mai da albasa. Ta zo da kwalbar zuma daga ƙauyensu. Ɗakin canja kaya ya cika da ƙamshi kamar gidan biki, har Zoya ta shigo ta riƙe ƙugu.

"Ina sa ku ku ƙona kitse, ku kuna dawo mini da shi a leda? Duk abin da aka kawo na kowa ne. Ku ajiye a tebur."

Matan aji suka cinye mana jari. Munisa takan ɗauki ɗaya daga nawa, ɗaya daga na Gulchehra, ta gode mana da murya iri ɗaya. Na sa ido ko za ta fi tauna nawa da marmari. Ban gano komai ba.

Sai ya rage hanya ɗaya. A ajin Zoya ba mutum ke zaɓar wurin tsayuwarsa ba. Wadda ta iya taku ita ake matsarwa gaba, don na baya su kwaikwaye ta. 'Yan sahun gaba su ke hira da juna kafin a kunna kiɗa, su ke riƙe hannun juna in an zo rawar biyu-biyu. In ina son in kusanci yarinyar nan, sai na iya rawa.

Zoya takan tura mana bidiyon takun a waya, har da na wata rawa da ake ce wa kumbiya. Na riƙa jingina wayar da gwangwanin sukari a kicin, albasa tana soyuwa ina gaba da baya tsakanin murhu da firji. Tolib ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi yana kallona.

"Kunama ce ta harbe ki?"

"Kumbiya ce."

"Ana warkewa?"

"Koma wajen tsuntsayenka."

"Ai sun daina kuka tun da kika fara. Sun ɗauka girgizar ƙasa ce."

Tsohuwar da ke ƙasanmu ma ta riƙa buga bututun ɗumama ɗaki da cokali. Na kai mata somsa, ta rage bugu.

Ƙugun ne ya ƙi. Ƙafafu sun fara gane hanya, hannuwa dama ba su da matsala, amma tsakiyata kamar an zuba mata siminti. Wata rana Zoya ta zo bayana ta kama ni da hannu biyu.

"Opa, kina ƙoƙarin tura shi ne, shi ya sa. Ba turawa ake ba. Lanƙwasa gwiwa ɗaya, miƙe ɗayar. Shi zai bi da kansa."

Ban gane ba a aji. Sai da rana tsaka ina murza ƙullu a kan tebur, kiɗan yana yawo a kaina, na lanƙwasa gwiwa na miƙe ɗayar, kawai na ji wani abu ya gota a gefena. Na tsaya cak da muciya a hannu. Na sake. Ya sake gotawa. Na yi ihu har Tolib ya shigo da gudu yana tambaya ko yanka na yi.

Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe titi, ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya, don na san Gulchehra ba za ta fasa ba. Siket ɗina suka fara juyawa a jikina. Na'urar hawa benenmu ta lalace, na hau har gidanmu da buhun dankali ban tsaya a hanya ba, ban ma lura ba sai da Tolib ya leƙa bayana yana neman wanda ya ɗauko mini. Likita ta gwada jinina, ta kwance abin ta sake ɗaurawa, ta tambaye ni ko na canja magani. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne an matsar da Gulchehra sahu na uku kafin ni. Da aka matsar da ni na tarar da ita, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Sannu da zuwa. Hanya ta yi nisa ko?"

Kafin ƙarshen sanyi mu biyu muna sahu na biyu. Ƙeyar Munisa tana gabana, in na miƙa hannu zan taɓa jelar gashinta.

Da Navruz, bikin shigowar bazara, ya matso, masu shirya bikin unguwa suka gayyaci ajinmu mu yi rawa a dandalin lambu. A daidai lokacin ɗaya daga 'yan sahun gaba cikinta ya tsufa ta daina zuwa, wurin da ke kusa da Munisa ya zama babu kowa. Zoya ta ce za ta gwada duk mai so ranar Alhamis.

Na yi kwanaki ina shiri. Na rina gashi. Na sayi riga ja. Da na shiga na tarar Gulchehra ma ja ta sa, mai ƙyalƙyali, na tabbata daga ragowar labule aka ɗinka.

Zoya ta ce mu biyu mu fito tare, Gulchehra ta hagu ni ta dama, sauran su ja baya. Ta sa kiɗa mai sauri, wanda a tsakiyarsa ake taku zuwa gefe sannan a juya gaba ɗaya. Farko lafiya lau. Wallahi na yi rawa ranar. Ina ganin kaina a madubi, gwiwa tana lanƙwasa, ƙugu yana bi, har wata ta yi mini guɗa daga baya. Sai na hango Munisa a gefen madubi tana tafi tana murmushi, na kasa gane wa take yi wa. Na ƙara faɗin taku don in shiga tsakiya inda za ta fi ganina. Ashe Gulchehra ma shawarar da ta yanke ke nan. Da aka zo juyi, na juya da dukan ƙarfina, ita ma ta juya da nata, ga shi ta fi ni abin juyawa.

Ƙarar da muka yi, mai kantin kujeru sai da ya hau sama ya tambaya ko lafiya.

Na samu kaina zaune a ƙasa, gilashina a rataye a kunne ɗaya, gwiwar hannuna tana zafi, mazaunaina sun mutu. Gulchehra tana kwance a gefena ta riƙe idon sawunta tana kiran uwarta da ta rasu tun tuni. Aka kashe kiɗa. Munisa ce ta durƙusa a gabanmu da akwatin magani. Ta tattaɓa ƙafar Gulchehra ta ce targaɗe ne, ba karaya ba, ta fara naɗa bandeji. Zoya ta kori sauran su je su sha ruwa.

"Hola," in ji Munisa a hankali, idonta a kan bandejin, "ku biyu nake nufi. Don Allah ku daina wahalar da kanku saboda ni."

Na ce, "Saboda ke kamar yaya, 'yata? Ni hawan jini..."

"Ni suga," in ji Gulchehra daga ƙasa.

"Na sani tun makon farko. Ba ku ne na fari ba. Akwai wadda ta zo da ɗanta ya tsaya a ƙasa yana wanke mota. Amma duk wadda ta zo, zama ɗaya ko biyu take yi ta gudu. Ku kuwa kun ƙi tafiya, har na rasa yadda zan gaya muku." Ta ɗaure bakin bandejin. "Akwai wanda muka daidaita da shi. Iyayena sun sani, nasa ma sun zo. Bayan zafi ya wuce za a yi biki. Ba mu fara faɗa wa mutane ba ne."

Ina jin ruwa yana ɗiga a banɗaki.

"To me ya sa kika riƙa cin mantina?" in ji Gulchehra.

"Yana da daɗi, hola."

Gulchehra ce ta fara. Cikinta ya hau rawa, sannan dariyar ta fito, tana yi tana cewa wayyo ƙafata. Na so in riƙe mutuncina, amma mutum ba ya riƙe mutunci yana zaune a ƙasa da jar riga da gilashi a kunne ɗaya. Muka yi ta yi har hawaye, Munisa ta rufe fuska da hannu. Wurin sahun gaba kuwa Zoya ta ba wata Ra'no, mai aikin banki, wadda ba mu taɓa jin muryarta ba.

Na kira Behruz ya zo ya ɗauke mu. Shi da mai kantin kujeru suka sauko da Gulchehra, tana rataye a kafaɗunsu tana yi wa ɗana tambayoyi, nawa ne shekarunsa, me ya sa ya rame. Muka kai ta gida. A hanyar dawowa na zauna a karkace saboda ciwo, na ga babu amfanin ɓoyewa, na kwashe labari na gaya masa.

Da muka tsaya a danja ya juyo, ya kira ni oyi, wato mama.

"Oyi, wace Munisa? Mai kantin magani? Doguwa?"

"Ka san ta?"

"Ta Firdavs ce ai. Firdavs da muka yi jami'a tare, wanda yake zuwa gidanmu yana cinye miki miyar taliya. Ni zan tuƙa motar ango."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bara."

"Kana kallona ina fita cikin ƙanƙara da wandon rawa, ba ka ce komai ba?"

"Kin ce likita ce ta sa ki!"

Ya kifa kai a sitiyari yana dariya har na baya suka yi ta danna mana ham. Na kai masa duka da jaka, da hannun da ba ya ciwo. Da ya natsu ya ce, "Oyi, in na samu wadda nake so, ke zan fara gaya wa. Amma don Allah kada ki shiga ajin dambe saboda ni."

Ranar Talata ba ni da sauran dalilin zuwa ko'ina. Na zauna na ɗauko saƙa. La'asar tana yi ƙafafuna suka fara motsi a ƙarƙashin tebur, na rasa inda zan sa kaina a gidan. Tolib ya dube ni ta saman jarida ya ce, "Tashi ki tafi, kina tayar mini da hankali." Na tafi. A hanyar dawowa na biya ta gidan Gulchehra da romon ƙashi, na nuna mata sabon takun da aka koya, tana zaune ƙafa a kan matashi tana gyara mini, wai kafaɗata tana tashi. Da ta warke muka koma tare. Zoya ta raba mu, ni a sahu na biyu ita a na uku, ta ce ba ta da kuɗin gyaran daɓe.

Munisa ta gayyaci ajin duka bikinta. Bayan an yi na gargajiya, an ci an sha, amarya ta aiko a ce mana mu fito. Mai kiɗa ya sa namu. Muka jeru a tsakar zauren da rigunan biki, muka tuɓe takalma masu tsini, Zoya a gaba. Na hango Behruz a teburin abokan ango yana zamewa ƙasa a kujerarsa. Tolib kuwa ya miƙe tsaye yana ɗaukata a waya, ya riƙe ta a juye. Ban kuskure taku ko ɗaya ba. Da aka zo juyi na juya, na tsaya daram a kan ƙafafuna, zaure ya ɗauki tafi.

Muna komawa teburinmu, ni da Gulchehra, muna fifita da katin gayyata, sai muka bi ta bayan wasu mata biyu daga dangin ango. Ba su gan mu ba.

"Kin ga waccan babbar ta sahu na biyu?" in ji ɗaya. "An ce tana da ɗa bai yi aure ba."

"Ai ba zai yi ba," in ji ɗayar. "Wace yarinya ce za ta shiga gidan uwar miji mai irin wannan ƙarfi? Wannan ba ta da niyyar tsufa. Sai ta binne surukarta tukuna."

Muka wuce muka zauna. Gulchehra ta zuba mana shayi, ta gyara zaman ɗankunnenta.

"Kin ji abin da suka ce a kaina?"

"A kanki? Sahu na biyu suka ce. Ke kina na uku."

"Babba suka ce. Dube ni, dube ki."

"Babba a shekaru suke nufi."

"To yau kin yarda kin girme ni?"

Muka yi ta yi har aka kawo kankana. Na ce ta tashi mu je mu tambaye su, ta ce ita ba za ta zubar da girmanta ba. Ni dai na san da ni suke.